Abokiyar aikina za ta je tarbar rana a Stonehenge, in karɓar mata aikin dare?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai malamai, akwai kuma waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan. Aikin jinya nake yi a wani asibiti a yankin Wiltshire, kudancin Ingila. A ɗakinmu akwai wata Baturiya da ta ba ni kamar shekara 15, ita ta riƙe ni lokacin da na zo ban san gabas ba ban san yamma ba. Ranar Babbar Sallah sunana ya fito a jadawalin aiki, tun safe har dare, na nemi a canza mini abin bai yiwu ba. Ta same ni a ɗakin shan shayi ina waya da Hajiyarmu ina share hawaye. Ba ta ce mini komai ba, sai da yamma na ga an goge sunana an sa nata. Albarkacinta na kai yara Idi.

To yanzu ita ce ta zo tana neman in karɓar mata daren 20 ga Yuni, wayewar 21. Ban tsaya tambaya ba na ce na karɓa. Sai daga baya take gaya mini cikin murna cewa Stonehenge, wani tsohon wuri mai manyan duwatsu da aka kafa a da'ira a nan Wiltshire, za su je su kwana su tarbi fitowar rana, wai ita mabiyar wani addini ce mai suna Wicca, ranar kuma babbar rana ce a wurinsu, suna ce mata Litha. Da na duba a waya sai na ga wai mayu ne. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mene ne ainihin abin nan? Kuma in na tsaya mata a aiki ta je ta yi bautar rana, ina da kamasho a zunubin?

Anti Kulu:
Innalillahi. Maman Haidar mayya fa kika ce? Ki janye jikinki a hankali ba tare da faɗa ba. Kada ki ƙara cin abin hannunta, kada ki nuna mata hotunan yara. Ki riƙe Falaƙi da Nasi safe da yamma. Alherin irinsu ba a banza suke yin sa ba.

Abu Safwan:
Anti Kulu, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa in ɗan gyara. Fassarar ce ta cuce mu a nan. Maye a wurinmu shi ne mai kama kurwa, wanda ake cewa ya ci yaro, ana tsoronsa ana gudunsa, kuma ba ya taɓa buga ƙirji ya ce shi ne. Waɗannan kuwa da bakinsu suke kiran kansu da kalmar witch, suna rubuta addinin a takardar ƙidaya. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 mutum kusan 13,000 suka rubuta Wicca, wasu kusan 74,000 suka rubuta Pagan, wato masu bin addinan da suke dangantawa da Turai kafin zuwan Kiristanci. Ba su yarda da akwai Shaiɗan ba balle su ce shi suke bauta wa, ba sa yanka, kuma babbar ƙa'idar da suke maimaitawa ita ce ka yi abin da kake so muddin ba za ka cutar da kowa ba. In dole sai an nemo musu suna a Hausa, sabbin maguzawan Turai ya fi kusa, don akwai tsafe-tsafe na kyandir da ganyaye a lamarinsu. Ban ce addininsu daidai ne ba, shirka ce tsagwaronta, suna da abin bauta namiji da mace. Amma shirka daban, maita daban. Ko a Afirka ta Kudu mabiyansu sun sha wahalar wannan kalma, don can ma in an ce wa mutum maye rayuwarsa ce ke cikin haɗari.

Anti Kulu:
To ni dai abin da aka fassara na ji. Amma ko ba mayya ba ce ai matsafiya ce.

Baban Zara:
Ni abin da ya ɗaure mini kai ba wannan ba ne. Shekarata 40 ina noma a Funtuwa, ban taɓa jin wanda ya yi wa rana biki ba. Rana mu gudunta muke yi, a watan Afrilu har kaji sai an yayyafa musu ruwa. Hadari muke ɗaga kai muna nema. Me ranar 21 ga Yuni ta fi sauran ranaku da shi da har mutum zai bar gadonsa ya kwana a fili?

Malama Asabe:
Baba, wannan fannina ne, shi nake koyarwa a sakandare. Duniya ba a miƙe take zagaya rana ba, a karkace take da kusan digiri 23 da rabi. Wata shida arewacin duniya ne ke sunkuyo wa rana, wata shida kudanci. Ranar 20 ko 21 ga Yuni karkatar arewa ke kai maƙura. In kana lura da inda rana ke ɓullowa, tun Disamba take matsawa arewa kaɗan-kaɗan, to a kwanakin nan sai ta yi kamar ta tsaya a wuri ɗaya kafin ta juya. Sunan da Turawa ke kiran lokacin ma daga Latin yake, ma'anarsa tsayuwar rana.

Mu da muke kusa da tsakiyar duniya abin ba ya taɓa mu sosai. A Kano yini mafi tsawo bai cika awa 13 ba, mafi gajarta ya ɗan haura awa 11, tazarar duka kamar awa ɗaya da rabi. Inda Maman Haidar take kuwa yanzu rana na fitowa kafin ƙarfe 5 na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen 9 da rabi na dare, sama da awa 16 ke nan. A Disamba kuma sai bayan 8 take fitowa, ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, ga sanyi ga gajimare. Wanda ya yi wata huɗu yana fita aiki cikin duhu yana dawowa cikin duhu, yadda yake kallon rana haka kake kallon hadarin farko.

Amma mu ma akwai alamar a ƙofar gidanmu. Gobe da azahar ka kafa sanda a tsakar gida. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi, inuwar kudu za ta faɗi, kuma a makon nan ta fi miƙewa ta wajen. Sauran watanni arewa take faɗuwa.

Baban Zara:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan na inuwa na san shi a aikace, don da damina tabarmar zaurena bangon kudu nake mayar da ita, ban dai san dalili ba. Mu lissafinmu na taurari ne da malamai ke yi, kowane tauraro kwana 13, shi muke bi da shuka. Zan kafa sandar.

Garba Mai Tasi:
Maman Haidar, gani ya kori ji. Ni na shiga wurin nan da ƙafata, a ɗaya daga cikin shekarun da azumi ya faɗo tsakiyar Yuni. Wasu mutum huɗu na ɗauko daga tashar jirgin ƙasa ta Salisbury, suka biya ni in jira su har safe, na ce zaman mota na awa bakwai ba zai yiwu ba, bari in ga abin da ke kawo su.

Daga inda ake ajiye motoci sai ka yi tafiya mai ɗan nisa a cikin ciyawa, ana binciken jaka a ƙofa. A ranakun da ba na biki ba igiya ce ke tsakaninka da duwatsun, daga nesa kake kallo, kuma da kuɗinka. Daren nan kyauta ake shiga kuma har ka dafa su. Na dafa ɗaya, sanyi ƙalau, ga gansakuka, na ɗaga kai sai da hulata ta nemi faɗuwa. An ce irin manyan nan kowanne yana kai tan 25.

Abin da zan gaya miki tsakani da Allah, a cikin dubban mutanen nan masu ibadar ba su da yawa. Mafi yawa 'yan kallo ne: ɗalibai, 'yan yawon buɗe ido, iyaye da yara naɗe cikin bargo, 'yan Hare Krishna, wata ɗariƙar addinin Hindu, da 'yan kugensu, masu neman shagali. A tsakiyar duwatsun ganguna ne ba tsayawa tun dare har asuba, ka ji ƙirjinka na amsawa. Masu abin da gaske a gefe na gan su. Akwai 'yan Druid, masu kwaikwayon limaman gargajiyar Birtaniya na dā, da fararen riguna har ƙasa da sanduna, wani dattijo a cikinsu ya fuskanci gabas ya yi kiran zaman lafiya, ya juya kudu, yamma, arewa, jama'a na amsawa, sannan suka ja wata kalma, awen, da dogon numfashi sau uku. Can kuma wasu mata sun yi da'ira riƙe da hannun juna, kowacce da rawanin furanni a ka. Na ga ana ɗaura wa wasu aure irin nasu, an haɗa hannun ango da na amarya an naɗe da zare mai launi.

Ni kuwa wajen ƙarfe 2 na koma mota na yi sahur da biredi da shayin fulas, na yi asuba a gefen taya. Da na dawo gari ya yi fari tun kafin 4. Kowa ya juya arewa maso gabas, wajen wani dutse da ke tsaye shi kaɗai a waje da da'irar, suna ce masa Heel Stone, ta gefensa ranar ke ɓullowa. Gajimare ya tokare ƙasa-ƙasa, lokaci ya yi ba a ga komai ba, wurin ya yi tsit. Sai can ta leƙo ja wur ta saman gajimaren. Ihun da aka yi ban taɓa jin irinsa ba sai a filin ƙwallo. Wata tsohuwa kusa da ni ta ɗaga hannu biyu tana kuka. Ni kuma abin da ya zo mini a baki shi ne a'uzubillahi, sannan subhanallahi, don ranar ta yi kyau ba ƙarya. Azumin ranar ya kusa awa 19, ban manta ba.

Abu Hafsa:
Malam Garba, ka nemi gafarar Allah, wurin nan ba wurin zuwan Musulmi ba ne ko da kallo. Allah ya ce a Fussilat aya ta 37 kada a yi sujada ga rana ko wata, a yi ga wanda ya halicce su. Abin da alhudahuda ya kawo wa Annabi Sulaiman ƙara a kan mutanen Bilkisu ke nan. Mu da aka hana mu ko nafila a daidai fitowar rana don kada mu yi kama da su? Maman Haidar, ayar Ma'ida a fili take, kada ku taimaki juna a kan zunubi. Ba don ke ba da tana bakin aiki a daren. Ki ba ta haƙuri, ki saya mata kyauta mai tsada ki rama alherinta ta wata hanya.

Garba Mai Tasi:
Na ji Ustaz, kuma ban sake komawa ba. Amma fasinja har bana zan ɗauka, don ba na tambayar wanda ya shiga motata abin da zai je yi.

Malam Ɗahiru:
Bismillah. Abu Hafsa ya yi daidai a kan halartar wurin, ban da abin ƙarawa. A kan karɓar aikin ne nake ganin a tsaya a duba da kyau. Maman Haidar ba mota za ta kai ta ba, ba kyandir za ta saya mata ba. Marasa lafiya za ta duba, aikin da halal ne a kansa, kuma lada ne. Matar nan tana da haƙƙin hutunta a wurin aiki, yadda za ta kashe shi yana wuyanta. Da maƙwabcinka Kirista zai ce ka duba masa shago ranar Lahadi, mutanenmu a Kaduna da Jos sun daɗe suna yi, su ma suna duba mana ranar Juma'a. Sannan ga ayar Mumtahana ta 8 a kan kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ga kuma alkawari da ta riga ta ɗauka. Wannan fahimtata ce, ba fatawa nake bayarwa ba, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki je wurin limamin masallacinku ki faɗa masa komai yadda kika faɗa mana.

Wani abu kuma da bayanin Malama Asabe ya tuna mini. A Suratur Rahman an ce Ubangijin mafita biyu da mafaɗa biyu. Malaman tafsiri da yawa sun fassara su da mafitar rana ta lokacin zafi da ta lokacin sanyi. Wato iyakoki biyun nan da masu duwatsun suka auna, mu ma an nuna mana su, sai dai an ce mu dubi Mai su.

Abu Hafsa:
Malam, da girmamawa, misalin shago bai yi daidai ba a wurina. Can ba a faɗa maka dalili da baki ba, nan kuwa ta faɗa mata ƙarara. Sani yana canza hukunci.

Malam Ɗahiru:
Wanda ya ce ka duba masa shago da safiyar Lahadi ai ka san inda za shi. Amma na fahimci tsoronka, kuma tsoro ne mai kyau.

Ɗan Ƙonni:
Salamu alaikum. Ni abin da nake so in sani, su waɗannan gadon abin suka yi? Don mu nan kusa da Birnin Ƙonni akwai Masalata, inda arna ke buɗin daji duk shekara, a yi yanka, a faɗi yadda shekara za ta kasance. Waɗannan kaka da kakanni suka taras da shi, kowane gida ya san aikinsa, kuma abin na da alaƙa da gona da farauta. Ita ma'aikaciyar asibiti a Ingila wa ya koya mata?

Abu Safwan:
Ɗan Ƙonni ka taɓo inda ya fi ba ni sha'awa. Amsar ita ce duwatsun tsofaffi ne, bikin kuwa sabo ne, kuma babu igiyar da ta haɗa su kai tsaye.

An fara haƙa ramin da ya kewaye Stonehenge shekara kusan 5,000 da suka wuce, manyan duwatsun kuma aka kafa su wajen shekara 4,500. Ƙananan an jawo su daga tsaunukan Preseli a Wales, fiye da kilomita 200, kuma a 2024 bincike ya nuna wanda ke kwance a tsakiya daga arewa maso gabashin Sikotilan ya fito, fiye da kilomita 700. Mutanen ba su bar rubutu ko ɗaya ba, ba a san sunan abin bautarsu ba. An dai san sun daidaita ginin da fitowar ranar Yuni ta ɓangare ɗaya, da faɗuwar ranar Disamba ta ɗaya ɓangaren. Masana da yawa ma sun fi karkata ga cewa ta Disamba ce babba a wurinsu, don a Durrington Walls, wani tsohon matsuguni da ke kusa, an tono tarin ƙasusuwan aladu da suka nuna da sanyi ake babban yanka.

Druid na asali, malaman mutanen Celt, tsofaffin mazauna Birtaniya, da Rumawa suka ba da labarinsu, sun zo ne bayan ginin da shekara kusan 2,000. Masu binciken kayan tarihi John Aubrey a ƙarni na 17 da William Stukeley a 1740 su suka jingina musu wurin, zancen ya bi gari. Ƙungiyoyin Druid na yanzu daga ƙarni na 18 suka faro, wata an kafa ta a Landan a 1781, har Winston Churchill ya shige ta a 1908.

Wicca kuwa ta fi su ƙuruciya. Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin mulkin mallaka a Malaya, shi ya fito da ita fili a 1954, shekara uku bayan an soke dokar hana maita ta Ingila a 1951. Ya ce a 1939 wasu suka shigar da shi wani tsohon addini da ya ɓuya a yankin New Forest. Ronald Hutton, farfesan tarihi a nan Jami'ar Bristol, ya bi diddigin abin, ya nuna yawancinsa haɗi ne na ƙarni na 20, daga littattafai da al'adun ƙungiyoyin asiri da waƙoƙin da Doreen Valiente, abokiyar aikin Gardner, ta tsara. Bukukuwa takwas suke yi a shekara, huɗu a kan tsayuwar rana da daidaituwar dare da yini, huɗu a tsakaninsu. Shi kansa sunan Litha wani Ba'amurke, Aidan Kelly, ya sa shi a shekarun 1970, ya aro shi daga rubutun Bede, malamin coci na ƙarni na 8, wanda ya ce haka tsofaffin Ingilishi ke kiran watannin Yuni da Yuli.

Kwatanta da mu: kamar a ce yau wasu 'yan boko a Kano su karanta labarin Barbushe da Tsumburbura, su hau Dala su tsara nasu bikin. Dutsen na nan, labarin na nan, amma abin da za su yi nasu ne.

Ɗan Ƙonni:
To ka ga bambanci. Namu da jini ne, nasu da fure.

Abu Safwan:
Kuma da yawansu yanzu ba sa musun haka, suna cewa sabon addini ne mai tsohon saiwa. Shigar Stonehenge ɗin ma sai da aka yi rigima. Daga 1974 ana wani taron kiɗa na kyauta a gefen duwatsun, aka hana, a ranar 1 ga Yuni 1985 'yan sanda suka tare ayarin motocin masu zuwa aka yi kare jini biri jini, aka kama ɗaruruwa. Shekaru ana killace wurin a lokacin bikin, sai a 2000 hukumar English Heritage mai kula da wurin ta koma buɗe shi.

Yaya Talatu:
Bari in sa baki a matsayina na Kirista. Kunna wuta a tsakiyar lokacin zafi ba na 'yan Wicca kaɗai ba ne, Turai ta daɗe tana yi a daren 23 ga Yuni, jajiberin ranar haihuwar Yohanna Mai Baftisma, wanda ku kuke kira Annabi Yahaya. Ni Suwidin nake zaune shekara tara. Nan bikin tsakiyar zafi ya kusa kai Kirsimeti girma, ranar Juma'ar da ta faɗo tsakanin 19 da 25 ga wata gari yake watsewa kowa ya tafi ƙauye. A kafa dogon itace a naɗe shi da ganye, yara da manya su zagaya suna rawa, a ci kifin gwangwani mai tsami da sabon dankali da sitiroberi. 'Yan mata su tsinko fure kala bakwai su sa ƙarƙashin matashi wai su yi mafarkin mijin da za su aura. Ka tambayi maƙwabtana wa suke bauta wa, kallonka za su yi. Murnar haske ce kawai. Ita abokiyar Maman Haidar dai ta ce addini ne a wurinta, to a ɗauke ta a yadda ta faɗa. Amma Anti Kulu, macen da ta ga hawayen baƙuwa ta ba da ranar hutunta, ban ga dalilin ɓoye mata yara ba.

Anti Kulu:
Talatu na ji ki. Tsoro ne irin na uwa, ba ƙiyayya ba. Na janye maganar mayya. Addu'ar dai kada a bari.

Maman Haidar:
Na gode ƙwarai, na karanta komai har sau biyu. Yau da muka fita hutun rabin awa na cire kunya na tambaye ta abin da take yi a daren. Ta ce Stonehenge don taron take zuwa, ainihin ibadarta a filin da ke bayan gidanta take yi ita kaɗai kafin ta tafi. Takan shata da'ira a ƙasa, ta kunna kyandir ruwan ɗorawa, ta ajiye ruwa da gishiri da furannin da ta shuka, ta fuskanci kusurwa huɗu, ta yi godiya a kan abin da ta samu a rabin shekara, ta ci ɗan waina ta zuba sauran a ƙasa. Ta ce a labarinsu sarki biyu ne ke karɓa-karɓa, na itacen oak mai mulkin rabin shekarar haske da na itacen holly mai rabin duhu, kuma a daren nan na biyun ke karɓar mulki. Shi ya sa, in ji ta, bikin akwai baƙin ciki a cikinsa, don daga ranar yini zai fara raguwa. Mijinta ya rasu a watan Nuwamba shekara shida da suka wuce, sanyi yana yi mata nauyi.

Na tambaye ta kai tsaye, ranar kike bauta wa? Ta yi shiru, ta ce ita a wurinta rana fuska ce ta abin bautarsu namiji. Na ce mata a addinina wannan shi ne zunubin da ya fi kowanne girma, mu rana baiwar Allah ce kamar mu, umarni take bi. Ta ce ta sani, ta yi aiki da Musulmi shekara 20. Ta ce in abin zai dame ni in faɗa mata ta nemi wani, ba za ta riƙe ni a rai ba. Wannan maganar ce ta fi komai yi mini nauyi.

Na kira limaminmu kamar yadda Malam Ɗahiru ya ce, na kuma yi magana da Baban Haidar. Zan yi aikin. Abu Hafsa, ban raina maganarka ba, ita ce ma ta sa na faɗa mata gaskiyar abin da na yi imani da shi, da na yi shiru.

Abu Hafsa:
Ina nan a kan fahimtata, amma Allah ya san niyyarki. Tunda ƙofar magana ta buɗe kada ki bari ta rufe, ki riƙa yi mata addu'ar shiriya.

Maman Haidar:
Na sauko daga aikin, ban ma yi barci ba tukuna. Dare ne mai nauyi, gado 24 mu uku, wani dattijo numfashinsa ya yi ta sauka muna kansa har wajen ƙarfe 2 kafin ya daidaita. Na yi asuba ƙarfe 3 da 'yan mintuna a ɗakin ajiyar zannuwa, na shimfiɗa tawul. Sama ba ta yi baƙi sosai ba duk daren, ta wajen arewa kamar an bar fitila a bayan labule. Biyar saura kwata dattijon nan ya farka ya ce in ɗaga masa labule. Na ɗaga, na gyara masa matashi, ranar ta fito ta bayan wurin ajiye motoci ta haske gadajen ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tsohon manomi ne, a irin wannan mako suke yankan ciyawar dabbobi har ƙarfe 10 na dare. Na karanta addu'ar safiya a zuciyata ina auna masa jini. Ƙarfe 5 da minti 10 saƙonta ya shigo, ta ce sun gani, ta gode.

Baban Zara:
Sannu da aiki 'yata, Allah ya ba dattijon lafiya. Malama Asabe, na kafa sandar jiya da azahar, jikokina suka zagaye ta, inuwar kudu ta faɗi kamar yadda kika ce, 'yar guntuwa, ba ta kai taki ɗaya ba. Da daddare kuma aka yi mana ruwa mai kyau har kwata ta cika. Masara ta kai gwiwa, gobe in Allah ya kai mu za mu zuba taki.